Farar Masara Ta Iyaye Da Kakanni: Neman Tsohon Iri Da Yadda Za A Riƙe Shi

 

A wani zama da iyayenmu mata suka yi bayan karatun ranar Asabar, hira ta gangaro kan tuwo. Wata dattijuwa daga cikinsu ta ce ita kam ta daɗe rabonta da tuwon masara irin wanda ta sani tana yarinya. Ta ba da labarin wata farar masara da mahaifinta ke shukawa a bayan gida, mai ƙwaya tauri da sheƙi kamar haƙori, wadda garinta ke da auki a tukunya, kuma ta kan shekara a rumbu ƙwaro bai yi mata wata ɓarna ba. Da aka tambaye ta inda irin yake a yanzu, sai ta yi shiru, sa'an nan ta ce: «Mun cinye shi a shekarar yunwa. Da ruwa ya dawo, sai muka shuka abin da muka samu a kasuwa.»

Wannan magana ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Gidaje da yawa a ƙasashenmu suna da irin wannan labari. Farin 1973 da 1974, da yunwar 1984 zuwa 1985, da matsalar abincin da Nijar ta shiga a 2005 bayan ƙarancin ruwa da farar ɗango na 2004, kowannensu ya tafi da dabbobi da dukiya, ya kuma tafi da abin da ba a cika lissafawa ba, wato irin shuka. Saniya idan ta mutu ana iya sayen wata, amma irin da gida ya shekara hamsin yana zaɓa, in ya ƙare a gari duka, ba shi da kasuwa.

Daga ina masara ta zo mana?

Masara baƙuwa ce da ta zama ƴar gida. Asalinta kudancin ƙasar Meziko ne, inda mutanen wurin suka fara noma ta kimanin shekara 9,000 da suka wuce, daga wata ciyawar daji mai suna teosinte, wadda zangarniyarta ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Manoma ne, tsara bayan tsara, suka yi ta ware ƙwayar da ta fi kyau suna sake shukawa, har ta zama masarar da muka sani. Bayan tafiyar Kolombus ta 1492 aka kai ta Turai, a ƙarni na 16 kuma jiragen ruwan Fotugal suka sauke ta a gaɓar tekun Afirka. Masana da dama na ganin cewa wata masarar ta biyo hanyar arewa ne, ta Masar da kogin Nilu zuwa tafkin Cadi, kuma sunan da muke kiranta da shi, masara, yana ƙarfafa wannan ra'ayi.

A cikin shekaru ɗari huɗu da ƴan kai, kowane yanki ya sarrafa ta daidai da ƙasarsa da ruwansa. Akwai masarar Dandi, wajen Gaya, inda ruwan damana ke kai kusan milimita 800 a shekara. Akwai ta bakin tafkin Cadi, wadda ake shukawa a danshin da ruwa ya bari in ya janye. Akwai ta garakan Ayar da ake ba ruwan rijiya, da ta fadamun gulbin Maraɗi, da ta arewacin Kamaru da Benin da Gana. Mafi yawan masarar da ake ci a nahiyar Afirka fara ce, domin ita mutane suka fi so a tuwo da kunu da koko. A wurare da yawa kuma ƴar gonar bayan gida ita ce ke fara nuna kafin hatsi, yara su samu ta gasawa a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Iri uku ne, kada mu haɗa su

Kafin a fita nema, ya kamata a san abin da ake nema, domin masarar da ke gonakinmu a yau kashi uku ce.

Na farko shi ne irin gargajiya, wanda manoma suka gada suka kuma riƙa zaɓa da hannunsu. Ba a cika samun tsayinsa ko girman zangarniyarsa daidai wa daida ba, amma ya saba da ƙasar da ya tashi a cikinta, kuma ana ajiye shi a sake shukawa kowace shekara.

Na biyu shi ne ingantaccen iri da cibiyoyin bincike suka fitar, wanda shi ma ana iya ajiye shi a sake shukawa na ƴan shekaru. Misalinsa farar masarar nan Obatanpa, wadda aka fitar a Gana a 1992, ta kuma bazu a Afirka ta Yamma. Ma'anar sunan a harshen Akan ita ce uwa ta gari mai shayarwa, saboda sinadarin gina jikin da ke cikinta ya fi na masarar yau da kullum inganci.

Na uku shi ne irin aure, wanda a takardun Faransanci ake rubuta masa «hybride». Ana samar da shi ta hanyar haɗa iyaye biyu da aka ware musamman. A shekarar farko yana ba da amfani mai yawa, idan ya samu taki da ruwa isasshe. Amma wanda ya ajiye ƙwayarsa ya sake shukawa zai ga gonar ta fito barkatai, wani dogo wani gajere, amfanin kuma ya ragu. Saboda haka mai noma shi dole ya sayi sabo kowace damana.

Ba mu rubuta wannan don mu kushe wani iri ba. Ingantaccen iri ya ciyar da miliyoyin mutane, kuma a shekarar da ruwa ya wadata aka samu taki, sau da yawa ya kan fi na gargajiya cika buhu. Tsohon iri ma yana da nasa aibin: wani dogon kara gare shi, iska na kayar da shi, wani kuma yana jinkirin nuna. Abin da muke cewa shi ne, gidan da ya saki nasa gaba ɗaya ya miƙa mabuɗin rumbunsa ga kasuwa, kuma ranar da kuɗi suka yanke ko hanya ta rufe, ba shi da abin zubawa a rami.

Darasi daga nesa

A 1970 wata cutar ganye ta faɗa wa masarar Amurka, ta halaka kimanin kashi 15 cikin 100 na amfanin ƙasar a shekara guda. Dalili kuwa shi ne mafi yawan irin auren da ake shukawa a lokacin sun yi tarayya a wani gado guda ta wajen uwa, wanda cutar ta samu lagonsa. Da gonaki suka zama kamar ƴaƴan ciki ɗaya, abin da ya kama ɗaya sai ya kama saura. Wannan na daga cikin abubuwan da suka sa duniya ta ƙara mai da hankali ga adana tsofaffin iri. A yau cibiyar CIMMYT da ke Meziko tana riƙe da samfurin masara fiye da 28,000, a 2008 kuma aka buɗe wani babban rumbun iri cikin dutse mai ƙanƙara a Svalbard, can arewacin ƙasar Norwe.

Akwai kuma labarin da ke ƙarfafa gwiwa. Wata farar masara mai faffaɗar ƙwaya da siririyar totuwa, mai suna Hickory King, ta fito daga gabashin Amurka a ƙarni na 19, aka kai ta kudancin Afirka. A ƙasar da ta fito, irin aure ya ture ta daga manyan gonaki, sai ƴan tsirarun masu sha'awa suka riƙe ta. A ƙauyukan Zambiya da Zimbabwe kuwa, ƙananan manoma sun ci gaba da shuka ta saboda daɗin garinta. Babu wata hukuma da ta umarce su. Tukunya ce ta ce a riƙe ta. Rumbun ƙanƙara yana da amfaninsa, amma irin da ake shukawa duk shekara shi ne ke tafiya tare da canjin ruwa da zafi da ƙwari na wurinsa.

Inda za a nema

Neman tsohon iri da baki ake fara shi. A tambayi tsofaffi, musamman mata, domin a gidaje da yawa su ne ke ɗaure ƴar zangarniyar iri su rataye a madafa. A tambayi dangin da ke ƙauyukan da ke nesa da babbar hanya, da masu garka, da masu noman fadama. Taron suna da na biki da zaman makoki suna haɗa mutanen garuruwa daban-daban, kuma tambaya ɗaya a irin wannan wuri ta kan buɗe ƙofar da ba a zata ba.

Idan an samu mai shi, a zauna a yi masa tambayoyi, a kuma rubuta amsar: Me ake kiran wannan iri? Daga wa ka same shi, shekara nawa yana hannunka? Kwana nawa yake yi kafin ya nuna? A jigawa yake so ko a fadama? Yaya yake jure ƙishirwa in ruwa ya ɗauke? Yaya yake a rumbu, yaya yake a turmi da tukunya? Irin da aka karɓa ba tare da labarinsa ba, rabin amfaninsa aka karɓa.

A yi ƙoƙari a karɓi zangarniya sukutum, ba ƙwaya a kwano ba, domin zangarniya ce ke nuna layuka nawa ne, ko ɓawon ya rufe bakinta da kyau, ko akwai ƙwayoyi masu wani launi a ciki. A karɓa daga zangarniya masu yawa, ko da daga gidaje biyu ko uku ne na gari ɗaya.

A yi hattara da masarar buhu ta kasuwa. Wadda ke shigowa ta manyan kasuwanni irin na Malanbil an tara ta ne daga gonaki barkatai domin ci, kuma mai yiwuwa a cikinta akwai ƴaƴan irin aure. Fari da girman ƙwaya ba su isa shaida ba. Haka kuma irin da aka rina da jan magani ko kore na shuka ne kawai, guba ne a tukunya, kada a bari yara ko kaji su kai gare shi.

Ma'aikatan gona ma abokan shawara ne. A Nijar akwai cibiyar binciken noma ta INRAN, wadda aka kafa a 1975, a Kamaru akwai IRAD, a Ibadan ta Nijeriya kuma akwai IITA tun 1967. Malamin gona na yankinku zai iya taimakawa wajen gane ko abin da kuka samo na gargajiya ne ko ingantaccen iri ne da ya daɗe a hannun manoma har aka manta asalinsa. In ma na biyun ne, ba asara ba ce.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Ƙwayar masara ba ta daɗewa da rai a ƙasa mai zafi. Wadda ta wuce shekara biyu a ɗaki ta kan yi rauni ƙwarai. Don haka kafin ruwan shuka, a ƙirga ƙwaya 100 ba tare da zaɓe ba, a jera su a kan tsumma mai danshi ko cikin yashi a tsohon kwano, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa. Bayan kwana bakwai a ƙirga waɗanda suka tsiro. Idan sun kai 80 ko fiye, iri ne mai kyau. Idan tsakanin 50 da 80 ne, a ƙara yawan ƙwaya a rami. Idan ƙasa da haka ne kuma irin ba shi da madadi, a shuka shi a wuri mafi kyau kusa da gida, a yi renonsa kamar jinjiri, domin burin shekarar farko shi ne a ninka iri, ba a cika rumbu ba.

Kada a zuba duk abin da aka samo a rami ɗaya. A raba shi biyu, a shuka rabi a ajiye rabi, saboda in ruwa ya yi gardama ko awaki suka shiga, a samu abin komawa.

Yadda masara ke aure, da kuskuren da muka yi

A nan ne mafi yawan masu neman tsohon iri ke tuntuɓe, mu ma a nan muka yi namu. Kowane karan masara yana ɗauke da namiji da mace. Furen da ke fitowa a saman kara shi ne namiji, yana zubar da wata ƙura mai laushi da iska ke ɗauka. Gemun da ke fitowa a bakin goyo shi ne mace, kuma kowane silin gemu yana haɗe da ƙwaya guda. Ƙwayar da ƙurar fure ba ta sauka a kan silinta ba, ba za ta cika ba. Wannan ne ya sa wanda ya shuka masara layi ɗaya dogo a gefen katanga ya kan samu zangarniya mai giɓi kamar bakin tsoho. A shuka ta dunƙule, layuka da yawa gefe da gefe.

Iska kuwa ba ta san iyakar gona ba. A shekarar da wasu ƴan ƙungiyarmu suka fara gwada wata farar masara da suka samo daga dangi, sun shuka ta a fili ɗaya da wani maƙwabci mai jar masara, tazarar da ba ta wuce taku talatin ba, kuma a mako guda. Da kaka ta yi aka ɓare, sai ga ƙwayoyi ruwan ɗorawa warwatse cikin fararen. Ba laifin maƙwabci ba ne, kuma ba laifin wanda ya ba da irin ba ne. Ƙurar furen jar ce ta sauka a gemun farar, launin kuma ya kan bayyana a wannan shekarar. Sai da aka koma ga rabin da aka ajiye.

Hanyoyin kariya uku ne. Ta farko tazara: a bar mita 200 zuwa 400 tsakanin gonar iri da kowace irin masara. Ta biyu lokaci: a shuka da bambancin mako uku zuwa huɗu, ta yadda lokacin da ɗaya ke fure ɗayar ta gama ko ba ta fara ba. Wannan ya fi sauƙi ga mai noman rani, da yake shi ke da iko da ruwansa. Ta uku, wadda ta fi dacewa da unguwa mai cunkoso, ita ce shawara da maƙwabta: a ba su irin kyauta, kowa ya shuka iri ɗaya a wannan gefen. Katangar dawa ko gero a kewaye tana rage ƙurar da ke shigowa, ko da yake ba ta hana ta duka.

Shuka da kulawa

Masara ta fi gero son ƙasa mai ƙarfi da danshi. Ba ta jure ƙishirwa kamarsa, kuma ba ta son ruwa ya kwanta mata. Wurin da dabbobi suka kwana, ko bayan gida inda ake zuba shara da toka, nan ne gurbinta tun asali. A zuba ruɓaɓɓen takin gargajiya kafin huɗa. Kada a yi mata binne kamar yadda ake yi wa hatsi. A jira ruwa mai ƙarfi ya jiƙa ƙasa sosai.

A bar santimita 75 zuwa 80 tsakanin layi da layi, da santimita 40 zuwa 50 tsakanin rami da rami, a zuba ƙwaya uku, bayan mako biyu a cire a bar biyu. A wannan lissafi eka guda ta Faransa, wato ekta, tana cin kimanin kilo 20 zuwa 25 na iri. Tsohon iri mai dogon kara yana son a ɗan ƙara masa fili. A yi noman fari da wuri, a yi maimai, a tara ƙasa a gindi don kada iska ta kayar. Idan za a sa takin zamani, a raba shi biyu, kashi ɗaya bayan tsiro, ɗayan lokacin da ta kai gwiwa. Lokacin da masara ta fi buƙatar ruwa shi ne makonni biyu kafin fure da biyu bayansa. Mai ban ruwa kada ya yi sakaci a wannan tsakani.

Abokan gaba biyu ne suka fi damun manomi. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, yana tsotsar saiwa tun kafin ya fito fili, kuma ya fi yawa a gajiyayyar ƙasa. A tuge shi kafin ya yi ƴaƴa, a kuma riƙa juya gona da wake ko gyaɗa. Sai tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda asalinta nahiyar Amurka ne, aka fara ganinta a Afirka ta Yamma a 2016. A riƙa zagaya gona da sassafe sau biyu a mako, ana duba cikin kunnen ganye, a murƙushe ƙwai da ƙananan tsutsotsi tun ba su yi yawa ba. In abin ya fi ƙarfin hannu, a nemi malamin gona kafin a sayi magani, a kuma kiyaye ƙa'idarsa.

Zaɓen iri a gona ake yin sa

Kakanninmu ba su jira sai an tara amfani a masussuka kafin su ware iri ba. Tun masara na tsaye ake zagayawa, a ɗaura ƙyalle a kan karan da ya cika sharuɗɗa: lafiyayye, tsayayye, wanda goyonsa bai yi sama da yawa ba, wanda ya nuna a kan lokaci, kuma ɓawonsa ya rufe bakin zangarniya ruf, domin wannan rufin ne ke hana ƙwaro da ruwa shiga. Duk karan da ya fito daban da sauran, ko mai cuta, a cire furensa na sama kafin ya fara zubar da ƙura. A zaɓa daga tsakiyar gona, a bar na gefe don ci.

Akwai wani kuskuren da ke kashe iri a hankali ba a sani ba, shi ne ɗaukar iri daga zangarniya biyar ko goma mafi girma. Masara ba ta son auren dangi na kusa. In aka yi haka shekara bayan shekara, sai a ga kara na ƙanƙancewa, zangarniya na raguwa, a ce irin ya gaji, alhali hannunmu ne ya ƙuntata shi. A yi ƙoƙari gonar iri ta kai kara 200, a kuma ɗebi iri daga zangarniya 100, in ba hali kada a gaza 50. Gidan da filinsa bai kai haka ba, ya haɗa kai da gidaje biyu ko uku, a gauraya irin bayan girbi a sake rabawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Alamar nuna ita ce ɓawo ya bushe, kuma in aka ɓalle ƙwaya a ga ɗan baƙin tabo a gindinta. Bayan an ɓare, a fitar da duk zangarniyar da ke da ƙwaya mai wani launi ko alamar ruɓa. A ɗebi ƙwayar tsakiya, a bar ta kai da ta gindi.

Busarwa da ajiya

Kada a shanya masara a kan ƙasa tsirara. A shimfiɗa tabarma ko leda ko a ɗora a kan rumfa. Masarar da ta sha danshi tana yin fumfuna, kuma wata fumfunar tana haifar da guba mai suna aflatoksin, wadda ba ta mutuwa da dahuwa, tana kuma lalata hanta. A 2004 mutum 125 suka rasu a Kenya sanadin cin irin wannan masara. Ƙwayar da ta yi kore ko baƙi ko take warin ruma, kada a ci, kada a ba dabba.

Ga hanya mai sauƙi ta gane bushewa: a samu kwalba busasshiya, a zuba ƙwaya da cokali biyu na busasshen gishiri, a rufe a girgiza, a bari ta ɗan zauna. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, a mai da ita rana.

Rataye zangarniyar iri da ɓawonta a saman murhu dabara ce mai kyau, domin hayaƙi yana korar ƙwari, muddin zafin wuta bai kai gare ta ba. Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin shawarar da Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ba mutanen Masar, ta barin hatsi a cikin zangarniyarsa saboda shekarun fari, kuma har yau manomi na ganin hikimar hakan. Wanda ya fi son ajiye ƙwaya, ya gauraya ta da tokar da aka tankaɗe, ya zuba a jarka ko tulu mai murfi, ya toshe yadda iska ba za ta shiga ba. Buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda aka fara yaɗawa a 2007 domin wake, yana yi wa masara aiki, in dai ta bushe sosai. A rubuta sunan iri da shekara a jiki, a ajiye a wuri mai sanyi, a kuma kai wani kaso gidan ɗan'uwa a wata unguwa, saboda gobara da ambaliya da ɓera.

Uwargida ita ce alƙali

Bayan duk wannan wahala, hukunci na ƙarshe a madafa ake yanke shi. A ba iyayenmu mata su surfa, su niƙa, su tuƙa, su faɗi gaskiya: yawan dusa, aukin gari, yadda tuwon ke kwana. Masara mai ƙwaya tauri ta fi wuyar daka, amma ta fi jure ƙwaro kuma ba ta cika zubar da gari wajen surfe ba. Mai taushi ta fi sauƙin niƙa, amma ba ta daɗewa a rumbu. Kowane gida ya san wadda ta dace da shi.

Sai dai a tuna cewa farar masara ba ta da sinadarin bitamin A da ake samu a ja, kuma masara ita kaɗai ba ta isa abincin yaro mai tasowa ba. A haɗa tuwonta da miyar ganye, zogale ko kuka ko alayyafo, da wake ko gyaɗa ko kifi ko nono gwargwadon hali.

Haƙƙin Allah da na maƙwabci

Wanda Allah Ya buɗa wa har amfaninsa ya kai nisabi, wato wusƙi biyar, wanda malamai da yawa suka kimanta da kusan kilo 650, to ya fitar da zakka: ɗaya bisa goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa ashirin ga abin da aka shayar da wahala da kuɗi. Don sanin dalla-dalla a tuntuɓi malamai. Ya kuma tabbata a hadisi cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi. To ina ga wanda ya ba maƙwabcinsa tiya guda ta iri, ta zama abincin gidansa shekara da shekaru?

Shawararmu ga rassan ƙungiya ita ce, kowane reshe ya samu littafi guda da zai rubuta tsofaffin irin da ke yankinsa da gidajen da ke riƙe da su, masara da hatsi da dawa da wake. Bayan kaka a sa rana guda a harabar makaranta, kowa ya kawo nasa a gani, a yi musaya. Wanda ya karɓi tiya ɗaya, ya yi alkawarin mayar da biyu baɗi, domin a ba wani. Yara ƴan makaranta su riƙe alƙalami, tsofaffi su ba da labari.

Dattijuwar da ta fara wannan magana ta aika saƙo ga danginta na ƙauye, an kuma kawo mata zangarniya goma sha biyu daga gidan wani ɗan ƙanenta. Ta jujjuya su a hannu ta ce sun yi kama da na mahaifinta, amma ba za ta rantse ba sai ta tuƙa. An ware mata kusurwa a garkar wani ɗan'uwa, nesa da kowace masara, an kuma aika a ƙaro wasu zangarniyoyin daga maƙwabtan gidan domin irin ya yi faɗi.

Allah Ya ba mu damana mai albarka, Ya tsare mana abin da muka shuka, Ya sa mu bar wa na bayanmu fiye da abin da muka tarar. Amin.